Mako na bakwai: na fara zana ɗakunan da nake karantawa

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Yau mako bakwai ke nan da na ɗaura ɗamarar karanta labaran nan na Turanci da ake kulle mutum a wuri ɗaya, a bar shi da zuciyarsa da wanda ya kulle shi. A makonni biyu na farko gudu kawai nake yi, ina son in ga wa zai tsira. Sai in rufe littafi in ji kamar na haɗiye tuwo ban tauna ba.

Abin da ya gyara mini karatu ƙaramar dabara ce. Na sayi littafin rubutu da fensir, duk labarin da na fara sai in zana ɗakin: ina ƙofa take, ta ina haske ke shigowa, me hannun mutum zai iya kaiwa daga inda yake kwance.

Na fara gwadawa da gajeren labarin Charlotte Perkins Gilman, The Yellow Wallpaper, wanda ya fito a 1892. Mace ce mai jego, mijinta likita ya kai ta wani gidan haya, ya ajiye ta a ɗakin saman bene, ya hana ta rubutu da sunan hutu. Da na zo zana tagogin, na ja ƙarafan da aka gindaya musu, na sa gadon da aka kafe da ƙasa, na sa zobban da ke jikin bango, sai hannuna ya tsaya. Ita matar ta ce ɗakin yara ne a da, shi ya sa aka sa ƙarafan. A karatun farko na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma zanen da ke gabana bai yi kama da ɗakin yara ba ko kaɗan. A nan na gane cewa mai ba da labari tana iya faɗa maka gaskiyar abin da ta gani, ta kuma ba shi fassarar da za ta kwantar mata da hankali, a bar maka aikin raba su. Ita kanta marubuciyar an yi mata irin wannan jinya a 1887, a hannun likita Silas Weir Mitchell na Filadelfiya, kuma ana jin zafin abin a kowane shafi.

Daga nan na shiga Misery na Stephen King, na 1987. A nan zanen bai taimaka sosai ba da farko, domin ƙofar ba ita ce ainihin kurkukun ba. Wanda aka tsare a labarin marubuci ne, yana kwance ƙafafunsa a karye, maganin rage zafi kuma yana hannun matar da ta tsare shi, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Sai na daina zana bango, na koma rubuta abin da yake jira daga hannunta: magani, abinci, takarda. Har tafiretar da ta sayo masa ba ta da harafin n. Wannan ɗan gurbin ya fi ba ni tsoro a kan wuraren da jini ya zuba, ban ɓoye muku ba.

Yanzu ina tsakiyar Room na Emma Donoghue, na 2010. Yaro ɗan shekara biyar ke ba da labarin, a ɗaki mai ƙafa 11 tsawo da ƙafa 11 faɗi, hasken rana kuwa sai ta gilashin rufi. Daren jiya na ari tef ɗin awo wajen telan layinmu, na auna ɗakina, na sa alli na shata iyakar a ƙasa. Na zauna a ciki na karanta shafi talatin. Yaron bai san ƙunci ba, a can aka haife shi, yana kiran gado da kabad da sunayensu kamar abokan wasa. Ni da na san shekara bakwai uwarsa ta yi a ciki, ni ne numfashina ya yi nauyi, har na tashi na buɗe taga.

Matsalar da ta rage mini ita ce ƙamus. Duk kalmar da ta gagare ni, in na tsaya dubawa sai fargabar ta huce. A makon nan zan riƙa jan layi a ƙarƙashinta in wuce, sai bayan sallar asuba in dawo in duba su gaba ɗaya. Wanda ya gwada zanen a cikinku, ya faɗa mini abin da ya fara sa wa fensir, ƙofa ko taga.