Baƙin azurfa da ƙananan lambobi

Shekara biyu da rabi na yi ina aikin ƙarshen mako a wani ɗan shago a Hamburg, lokacin ina karatu. Kuɗin haya ne ya kai ni, ba sha'awar kayan soja ba. Mai shagon tsoho ne da ya haura saba'in, yana cinikin tsofaffin lambobin yabo na sojan Jamus da takardunsu, da banati, da hulunan kwano. Yana kuma da lasisin makamai, don haka akwai 'yan bindigogi a wani ɗaki na baya da ba ya rabuwa da kwaɗo. Aikina da farko shara ce, da ɗaukar hoto, da rubuta kaya a littafi.

A mako na biyu na tafka ɓarna. Tsohon ya fita shan kofi, sai na ga wani gicciyen ƙarfe na 1914 a kan tebur, gefen azurfarsa ya yi baƙi ƙirin. Ni kuwa a gidan da na tashi, da toka da lemun tsami ake dirzar tasa har ka ga fuskarka a ciki. Na samo man goge ƙarfe na zauna na dirje shi tas, ina jiran yabo. Da ya dawo ya ɗauka, ya juya gaba da baya, ya ajiye. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi: "Yaro, shekara ɗari aka yi ana tara wannan baƙin, kai ka kwashe shi a minti goma." Ya zare takardar farashi ya rubuta wata ƙasa da ita a gabana. Ashe baƙin nan da ya kwanta a lungunan azurfa yana cikin shaidun da masu tara kayan ke dubawa, domin mai yin jabu yana iya kwaikwayon siffa, amma da wuya ya kwaikwayi yadda tsufa ke zama a wani wuri ya bar wani.

Daga ranar ya fara koya mini, wataƙila don kada in ƙara yi masa asara. Wannan lambar da Jamusawa ke kira Eisernes Kreuz, Sarkin Prussia Friedrich Wilhelm na Uku ne ya ƙirƙiro ta a 1813, lokacin yaƙinsu da Napoleon. Ba kullum ake bayar da ita ba, sai an shiga babban yaƙi ake farfaɗo da ita: 1870, 1914, sannan 1939. Ta 1914 tana da kambi a sama, harafin W a tsakiya, shekarar a ƙasa. Idan mai daraja ta biyu ce, bayanta na ɗauke da ganyen itacen oak da 1813. Yawanci guda uku ake haɗawa, baƙin ƙarfe a tsakiya, sai firam biyu da suka rungume shi gaba da baya aka liƙe. Shi ya sa abu na farko da ya miƙo mini maganaɗisu ne, na biyu gilashin ƙara girma. Ka duba gefe, za ka ga siririn layin da firam biyun suka haɗu. Ka duba zoben da ƙyalle ke ratsawa, sau da yawa akwai ɗan hatimin maƙerin, wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Sai na ɗauki maganaɗisun nan tamkar alƙali, komai aka kawo in manna. Tsohon ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya fito da guda biyu daga aljihun tebur. Ɗaya ya kama ƙam, kuma jabu ne, domin masu yin jabu su ma sun san ana wannan gwajin. Ɗayan bai kama ba, kuma na asali ne, an yi cikinsa da tagulla.

Kunyar da ta fi ci na ita ce ta wata dattijuwa da ta kawo lambar mahaifinta a cikin gwangwanin biskit. An rubuta 1939 a ƙasa, amma a tsakiya ganye ne maimakon alamar 'yan Nazi. Da ƙarfin gwiwata na ce mata wannan ba ta lokacin yaƙi ba ce, ƙila ma jabu ce. Na ga fuskarta ta canza. Tsohon ya taso ya karɓa, ya ba ta haƙuri, ya yi mana bayani mu biyu. A 1957 Jamus ta Yamma ta yi doka da ta ba tsofaffin sojoji damar saka lambobinsu na yaƙin, amma sai waɗanda aka sake ƙerawa babu waccan alamar. Wato rabin maganata daidai ne, rabin da ya taɓa mutuncin mahaifinta kuwa kuskure ne. Waccan alamar har yau dokar Jamus ta hana baje ta a fili, shi ya sa duk kayan 1939 da ke cikin gilashin shagon sai mun manna ɗan farin tambari a kanta.

Kowa da labarinsa yake shigowa. Kakan kowa ya yi yaƙi a Verdun ko Stalingrad, kuma babban janar ne ya maƙala masa lambar da hannunsa. Tsohon yakan saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya tambaya ko akwai takardar shaida mai suna da runduna da kwanan wata. In babu, farashin ƙarfen kawai zai faɗa. Ba raini ba ne: mai daraja ta biyu ta Yaƙin Duniya na Ɗaya sama da miliyan 5 aka raba. Haka ma gicciyen da shugaban Jamus Hindenburg ya kafa a 1934 don waɗanda suka yi wancan yaƙin, mai takubba ga wanda ya je fagen daga, marar takubba ga wanda bai je ba, baƙi ga mata da iyayen waɗanda suka mutu. Kusan kowane mako sai an kawo shi, mai shi yana zaton ya tsinci dami a kala.

A ɗakin baya ni dai mai karanta lambobi ne, shi ke riƙe da kaya. Bindigar Mauser ta 1898 da ƙanwarta gajera K98k ta 1935 duk jikinsu rubutu ne. Zamanin sarki ana buga sunan masana'anta ɓaro-ɓaro, Spandau ko Erfurt ko Danzig ko Amberg. Zamanin Hitler suka koma ɓoye shi da haruffa: byf na nufin Mauser ta Oberndorf, bnz na nufin Steyr, dot kuma Brno. Kusa da su akwai 'yar mikiya da lambar sufeton da ya duba. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne lambar bindigar ta zama ɗaya a kowane sashe. Waɗanda Rasha ta kama a yaƙi ta warwatsa su ta sake haɗawa, don haka sassansu ba sa jituwa, sau da yawa da alamar X da lambobin da aka zana daga baya da alƙalamin lantarki. Irin wannan ba ta dame shi ba, don ba ta ɓoye komai. Wadda yake tsoro ita ce wadda komai nata ya yi daidai fiye da kima, sai ya sa ni in duba ko siffar lamba 2 ko 7 ta wani sashe ta bambanta da ta sauran, alamar wani ya goge tsohuwar ya buga sabuwa.

Harsashi kuwa gindin kwansonsa ake karantawa: masana'anta, rukuni, shekara. Harafin P na Polte ta Magdeburg ne, St na nuna kwanson ƙarfe ne ba tagulla ba. Akwai kuma tarkon da sai an nuna maka. Harsashin 1888 da wanda ya gaje shi mai tsini a farkon ƙarni na 20 tsawon kwansonsu ɗaya ne, milimita 57, amma kaurin kan na farko wajen 8.08 ne, na biyu 8.2. Idonka ba zai gani ba, tsohuwar bindiga kuwa za ta ji a jikinta. Wata rana wani saurayi ya shigo da leda cike da harsasai masu tsatsa da ya tono a ɗakin ƙasa na kakansa. Tsohon ko taɓawa bai yi ba, ya ce ya ajiye a hankali, ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda.

Dab da zan bar aikin aka kawo wata lambar tagulla mai hoton Sarki Wilhelm na Biyu, ta tunawa da yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, wadda aka kafa a 1912. A jikin ƙyallenta an maƙala ɗan ƙarfe da aka rubuta Kamerun, wato Kamaru. Tsohon ya ce akwai ƙaramar irinta da ake ba sojoji baƙar fata. Ni kuwa Garwa ce ta faɗo mini, inda dakarun Jamus suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a 1901, bayan Ingilishi sun fitar da shi daga Yola, sannan suka sake cim masa a wajen Marwa a farkon 1902. Duk lambobin da na taɓa riƙewa a shagon labarin wasu mutane ne a wata ƙasa, wannan kuwa ta zo kusa da gida. Na faɗa masa haka. Ya yi shiru, ya ce shekara arba'in yana sayar da irinta bai taɓa jin sunan Zubairu ba, ya miƙo mini katin bayanin kayan ya ce in rubuta a ƙasa. Na rubuta da fensir, na mayar da ita cikin gilashi da baƙinta yadda ta zo.