Hannu Biyu a Adashen Gwaggo

A shekarata ta ƙarshe ta karatun kwamfuta a nan Kaduna, an ba ni aikin rubuta ƙa'idojin wata manhaja da lissafi zalla, sannan in bar kwamfuta ta mayar da su shiri da kanta. Sai na zaɓi adashen da gwaggona ke riƙe wa matan layinsu a Tudun Wada, a zatona na san shi ciki da bai.

Da Event-B na tsara shi, hanyar da Bafaranshe Jean-Raymond Abrial ya ƙirƙiro. Da yayarta, wato B, aka gina manhajar jirgin ƙasan da ba direba na layi na 14 a Faris, wanda ya fara aiki a 1998, don haka ba abin wasa ba ce. Daga nan aka juya tsarin zuwa Eiffel, yaren rubuta manhaja na Bertrand Meyer, mutumin da ya yaɗa tunanin yarjejeniya tsakanin sassan manhaja. Zubi da kwasa kowanne ya zama aiki a cikin aji, wato wani sashe na shirin. Sharaɗin da sai ya cika kafin a yi aikin ya koma require, abin da aikin ya yi alkawari ya koma ensure, dokar da ba ta karyewa ta koma invariant.

Dokata ita ce: mace ɗaya, kwasa ɗaya a zagaye. Rodin, shirin da ke tantance tsarin Event-B, ya tabbatar da hujjojin kaf, ko'ina kore shar, alamar an ci. Har da ɗan taƙama na kai wa Gwaggo.

Muna shigar da tsohon littafinta, a wata na bakwai shirin ya cije, wai an karya yarjejeniya.

"Gwaggo, wannan baiwar Allah ta kwasa sau biyu."

"Kai ɗan nan, ai hannu biyu gare ta. Biyu take zubawa."

Na'urar ba ta yi kuskure ba, jahilcina ta fassara tiryan-tiryan. Hujjojin nan kore sun nuna tsarin bai saɓa wa kansa ba ne kawai. Babu ruwansu da yadda mata ke adashe.

Na ƙara da wata wautar: na gyara shirin da hannu, washegari na sake juyawa, gyaran ya bi ruwa. Dole na koma tushe, na mayar da "hannu" abu mai zaman kansa, dokar ta zama hannu ɗaya, kwasa ɗaya. Ina cikin haka Gwaggo ta leƙo ta ce kada in manta da mata biyun da suka haɗa hannu ɗaya.