Seleri: sanda daban, ganye daban

Kuskuren da aka fi yi da seleri, kayan lambun nan mai dogayen sanduna da ganye mai ƙamshi, shi ne zuba shi a girki gaba ɗaya lokaci guda. Sandar tana son wuta, ganyen ba ya so. Ki wanke tsakanin sandunan sosai, can ƙasa take maƙalewa, ki zare zaren bayansu da wuƙa, sannan ki yanka ƙanana. Ma'aunin Faransawa na tushen miya: albasa kashi 2, karas 1, seleri 1, a soya a wuta kaɗan kamar minti 10, kada su yi ja. Ganyen kuwa sai za ki sauke farfesu. Ya daɗe a wuta, ƙamshin ya gudu. Ya yi yawa, ɗaci.

In seleri ya yi yaushi, tsoma gindinsa a ruwan sanyi, zai miƙe.

Kusan kashi 95 cikin 100 na seleri ruwa ne, ga bitamin K da fotasiyam. Sai dai markaɗa shi a tace, harzarsa mai gyara ciki ake zubarwa. Kuma don Allah mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa saboda ruwan seleri. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ya tambayi likita kafin ya yawaita ci, saboda bitamin K ɗin.