Godiya ga waɗanda suka taya ni shirya cikin cocin Coventry

Alhamdu lillahi, an yi baje kolin masu haɗa ƙananan samfura lafiya, an tashi lafiya, kuma aikina ya dawo gida babu abin da ya ɓalle. Kafin gajiya ta sake ni, ina son in miƙa godiya ga waɗanda suka sa hannu a cikinsa.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: abin da na haɗa shi ne gabashin babban cocin Coventry da ke Ingila, kamar yadda yake bayan harin daren 14 ga Nuwamba, 1940. A daren nan jiragen yaƙin Jamus kimanin 500 suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, fiye da mutum 500 suka rasu. Na yi aikin a ma'aunin 1:35, wato mutum mai tsawon santimita 175 ya koma santimita 5. Bango bai ba ni wahala ba. Cikin ne ya kusa gagara ta, domin kango ba tarin shara ba ne. Sai ka san abin da ke wurin kafin gobara, sannan ka san yadda wuta take yi wa kowane abu.

Godiyata ta farko ga wani dattijo mai zagayawa da baƙi a kangon. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Kai ka tsaya da ni cikin sanyi kana nuna min cewa wuta ce ta ci ginin nan, bama-baman tada gobara ne suka faɗa kan rufin. Shi ya sa hasumiya da bangon waje suke tsaye har yau. Dalmar rufi ta narke, katakan suka kama, ƙarafan da aka ƙarfafa rufin da su suka lanƙwashe saboda zafi, suka jawo ginshiƙan ciki ƙasa. Da wannan bayani na tsara komai: jan dutse jibge a tsakiya, ƙarafa a murɗe a kansa, tagogi a tsaye babu gilashi. Kai ne kuma ka gaya min an cire tsofaffin gilasai masu launi tun 1939 an adana, don haka ban cika daɓen da ɓaraguzai masu ƙyalli ba, ko da yake sun fi ɗaukar ido.

Sai Mama, maƙwabciyarmu. Ni Musulmi ne, ban tashi da sanin tsarin cikin coci ba. Mama, kin zaunar da ni, kin ɗauki biro kin zana min inda bagade, wato teburin ibada na gaban coci, yake zama, inda mawaƙa suke jeruwa, da gefen da ake kafa mumbari. Da na karanta cewa shugaban cocin, Richard Howard, da masu gadin gobara uku sun samu fitar da wasu kayan azurfa da tutocin soja kafin wuta ta fi ƙarfinsu, ke kika ce to kada in sa ko sandar kyandir ɗaya a wurin. Na bi shawararki, kuma a ganina wannan fili da babu komai ya fi duk wani abu da zan iya ƙerawa. Ubangiji ya saka miki da alheri.

Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne gicciyen. Magini mai kula da cocin, Jock Forbes, ya ga katakan rufi biyu da suka ƙone sun faɗi ɗaya a kan ɗaya kamar gicciye, sai aka ɗaure su, daga baya aka kafa su a kan bagade na ɓaraguzai. Ƙanena kafinta ne, shi ya fere min 'yan siraran katako, ya riƙa kai su bakin harshen kyandir yana juyawa a hankali har bayansu ya tsattsage kamar gawayi na gaske, cikin kuma bai ci ba. Fenti ba ya ba da wannan. Ƙane, hannunka ya yi albarka. Shi ne kuma ya yanka min waya ƙanana ƙanana a matsayin tsofaffin ƙusoshin rufi, waɗanda sai da hantsaki ake iya ɗauka; irinsu guda uku aka haɗa aka yi gicciyen ƙusoshi da aka san Coventry da shi.

Abokan sana'a, na gode da aron buroshi da gam, da dabarar haɗa garin filasta da toka. Uwargida, kin haƙura da ƙura a teburin cin abinci, kin kuma hana yara taɓawa. Allah ya bar mu tare.

Wata tsohuwa ta daɗe a gaban teburina, ta ce mahaifiyarta tana cikin garin a daren, ta kuma tambaye ni ko zan kawo aikin makarantar jikokinta. Na amsa, kuma zan kai in Allah ya yarda, da zarar na gama yi masa murfin gilashi. Duk wanda ya zo, da wanda ya kira, da wanda ya yi addu'a daga nesa, Allah ya saka wa kowa da alheri.