Fanel ɗin sabar ba rigar da ake sauyawa kullum ba ce

Duk wanda ya shigo ofishinmu ya ce ya kama sabar tasa shi kaɗai, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet da imel, ya gaji da zaman haya da wasu a injin guda, ba na taɓa kwamfuta sai na ba shi kujera na tambaye shi: wa zai riƙa shiga ciki? Kai da kanka ne, ko yaron ofis, ko malamar da ke kula da shafin makaranta, wadda iyakar saninta buɗe imel da ɗora hoto? Amsar da ya ba ni ita ke zaɓa mana fanel, wato allon da ake juya sabar da shi ta burauza ba sai an rubuta umarni a baƙin allo ba. Mutane suna ɗauka abu ne da za a sa yau a cire gobe. Fanel ɗin da ake kira cPanel dai ba shi da hanyar cirewa. Ranar da ka gaji da shi, sai an goge sabar kaf an sake ɗora mata Linux daga tushe. Shi ya sa shawarar nan tun kafin shafi ko ɗaya ya hau ake yin ta.

Ni kuwa ba da fanel na fara ba. A wani shagon intanet da ke titin Gidan Zoo a nan Kano na koyi aiki, zamanin da ake sayar da awa kuma janareta ne ke riƙe da mu rabin yini. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, wata shida ya hana ni leƙa WHM, ɓangaren cPanel na mai sabar. Da hannu na riƙa ɗora Apache mai buɗe shafi da MySQL mai ajiye bayanai da Exim mai aika imel, da hannu nake rubuta fayil ɗin DNS, wanda ke haɗa sunan shafi da adireshin sabar. Wata rana imel ɗin wani abokin ciniki ya ƙi shiga sam. Na duba, na sake dubawa, zufa na keto min. Maigida yana zaune da kofin shayinsa, ya san inda matsalar take amma bai ce uffan ba. Sai da aka kusa kiran Isha na gano ɗigo ɗaya tak na manta a ƙarshen sunan shafin, shi ya sa BIND, manhajar da ke karanta fayil ɗin, ya maimaita sunan sau biyu. Da na nuna masa sai ya ce, "To, gobe ka shiga WHM." Har yau in wani maɓalli ya ƙi aiki a fanel, na san fayil ɗin da yake taɓawa a ƙarƙashi, kuma can nake nufa.

cPanel tun 1996 yake, kuma shi ne wanda kusan kowa ya saba da fuskarsa. In sabar ta mai sayar wa wasu masauki ce, abokan cinikinsa kowa da nasa ɗaki, har yanzu shi nake fara ambata: mai sabar yana WHM, 'yan haya suna cPanel, ba mai taka ƙafar wani. A 2019 kamfanin ya koma lissafin lasisi da yawan asusun da ke kan sabar, maimakon kuɗi guda komai yawansu. Kayansu ne, su ke da ikon sa farashi. Amma daga lokacin lissafin mai ƙananan shafuka da yawa ya canza, balle bayan da naira ta zube a 2023. A nan wani fanel ɗin, DirectAdmin, ya shiga hannuna sosai. 'Yan Kanada ne suka yi shi, ba shi da nauyi, ba ya cin RAM kamar wancan, kuma da kayan aikinsa na CustomBuild nakan ajiye PHP, yaren da ake rubuta shafuka da shi, iri daban-daban a sabar guda, tsohon shafi ya zauna da tsohonsa, sabo ya hau sabo. Plesk kuma ina kawo shi ne in aikin na Windows ne, ko mutum yana da tarin shafukan da aka gina da manhajar WordPress yana son ya sabunta su daga wuri ɗaya.

Akwai na kyauta, kuma ban raina su ba. HestiaCP a kan Debian ko Ubuntu abu ne mai tsafta, Virtualmin kuma na wanda ya san Linux ne da gaske. Sai dai duk wanda ya ɗora na kyauta ya sani shi ne maigadi, ba wanda zai buga wa waya cikin dare. A Oktoban 2024 an gano wata ɓaraka a CyberPanel, kafin mutane su farga masu garkuwa da fayiloli sun kulle dubban sabobin da ba a sabunta ba. Ba a kyautar matsalar take ba, a barin ƙofar fanel buɗe ga duniya ba mai leƙawa take.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu lasisin bogi. Sai ka zauna ka yi wa mutum bayani awa guda, ya gyara zama ya ce, "Haba Malam, ai akwai wani yaro da ya ce zai sa min cPanel ɗin nan da kwatan kuɗinka." Eh, zai sa. Amma yaya ake sa shi? Sai an gudanar da wata manhaja da ba wanda ya san mai ita, da cikakken ikon root, wato iko a kan komai na sabar, ta karkatar da binciken lasisi zuwa wata sabar a wata duniya. Ka miƙa mukullin gidanka da na ɗakin ajiyarka ga wanda ba ka taɓa gani ba. Ranar da aka fitar da sabuntawa kuma abin ya karye, wayar yaron a kashe take.

Bara wani Alhaji mai harkar tafiye-tafiyen Umara ya zo min ransa a ɓace, ana saura makonni azumi. Duk takardar da ofishinsa ya tura wa abokan hulɗarsu na Saudiyya ba ta isa, wadda ta isa kuma tana kwandon shara. Ya ce, "Yallaɓai, ka taimaka, an ce kai ne." Da na shiga na leƙa layin Exim sai na tarar da dubban saƙonni a jere suna jiran fita, babu ko ɗaya nasu, duk tallar magani da caca ce. Lambar IP ɗinsu, wato adireshin sabarsu a intanet, ta shiga baƙin littafin masu tura saƙon banza. Lasisin kuwa irin wancan na bogin ne, kuma sabar tana kan CentOS 7, wani nau'in Linux wanda aka daina yi wa gyara tun 30 ga Yunin 2024. Na ce masa ranka ya daɗe, wannan ba a wanke ta, sabon gini za a yi.

Muka kama sabuwar sabar muka ɗora AlmaLinux, wani nau'in Linux ɗin, da DirectAdmin da lasisi na gaskiya. Kwana biyu kafin ƙaura na rage TTL, wato tsawon lokacin da sauran injuna ke riƙe adireshin sabar kafin su sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300, don in an juya adireshi duniya ta gani nan take. Ban yarda na kwaso tsofaffin fayiloli haka nan ba. Na ɗora WordPress sabo fil, na bi hotuna da ma'ajiyar bayanai ɗaya bayan ɗaya, na tsinci fayilolin PHP guda uku da aka ɓoye a cikin hotunan Ka'aba. Akwatunan imel na kwashe su da wata manhaja mai suna imapsync, har da saƙonnin shekara biyar da Alhaji ya ce in sun ɓata ya shiga uku. Sannan na saita SPF da DKIM da PTR, shaidun da ke nuna daga ina imel ya fito, domin tun Fabrairun 2024 Gmail ba ya wasa da saƙon da ba a tantance mai shi ba. Muka fara bayan Isha, kafin Asuba mun juya. Da safe sakatariyarsa ta buɗe kwamfuta ta ci gaba da aiki, ba ta ma san an yi ƙaura ba. Alhaji dai sai da ya nemi ragi a kan kuɗin da muka riga muka yi magana, kamar yadda aka saba.

Abu guda da nake gwadawa a kowane fanel kafin in yarda da shi shi ne ajiyar kwafi, kuma ba ɗaukar kwafin ba, dawo da shi. Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, kamfanin hayar sabar, a Strasbourg ta Faransa a Maris ɗin 2021 ta tafi da shafukan mutane tare da kwafinsu, saboda duk a wuri ɗaya suke. Mu namu kullum dare yana tafiya wata ƙasa dabam, kuma duk farkon wata nakan ɗauki asusu ɗaya in tayar da shi a sabar gwaji in ga ya buɗe da idona. Na wannan watan na Alhajin Umara ne, ya tashi cikin minti 12, har da imel ɗin da aka turo masa daren jiya.