Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Shekarar da muka ci anza

Assalamu alaikum 'yan uwa, satin da ya wuce mun tsaya inda aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, to yau zan koma baya kaɗan saboda kuɗin kaye da bik, wato littafin rubutu da biro da aka saya mani, su kansu daga daji suka fito.

Ƙauyenmu yana kudu da Maradi cikin yankin Madarunfa, in ka fita bayan gari tafiya kaɗan ka shiga dajin Baban Rafi. A 1984 ina ɗan shekara tara damina ta ƙi, gero ya bushe tsaye tun bai fidda kai ba, ga Najeriya ƙarƙashin mulkin Buhari ta rufe iyaka, shi ya sa har yau tsofaffinmu El Buhari suke ce ma wannan yunwa. Rumbunmu tun kafin sanyi ya shigo ya zama wurin kwanan kaji.

Inna ce ta riƙe gidan wallahi. Da asuba za ta tashe ni, "tashi ɗan nan rana za ta yi mana", mu ɗauki ƙwarya da buhu mu shiga daji da sauran mata. Anza muke nema, 'ya'yan wani ɗan itacen daji. Wanda bai san ta ba, ɗacinta ya fi maɗaci, sai an ɓare ta an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani kafin ta ciwu, kuma ruwan ma daga rijiya mai zurfi Inna ke jawo shi, tafin hannunta duk ya tsattsage. Ranar da ƙanwata ta saci guda daga ruwan farko ta tauna, kukan da ta yi har yau yana kunnena. In an dace a haɗa da ganyen jiga ko yaɗiya a yi kwaɗo, aduwa da magarya kuwa su ne alewarmu.

Baba shi kuma itace. Yakan yi kwana biyu yana sara ya ɗora ma jaki ya nufi Maradi, ya dawo da tiya ɗaya ko biyu ta hatsi, wani lokacin da 'yar kanwa. Akuyoyinmu uku 'ya'yan gawo ne suka tsirar da su, ni ke tsintowa cikin riga, kuma ɗaya cikinsu aka sayar daga baya aka yi mani kayan lakwal.

Abin da ke ci mani rai in na tuna, gonarmu fa fes take ba ko kututture, don a lokacin manomin kirki shi ne mai sassabe tas ya ƙone. Sai bayan yunwar aka fara zancen sassaben zamani a ƙauyenmu, wanda wani bature ɗan Ostareliya Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maradi tun 1983, wai ka bar tohon kalgo da sabara ka rage masu rassa su tashi. Baba ya ce shi ba zai noma daji ba. Inna dai ta yi shiru, da bazara ta bi shi gona ta ɗaura tsumma a kan toho biyar ta ce "Malam waɗannan nawa ne, kar gatarinka ya taɓa su."

Yadda suka ƙare da Baba kan kalgon nan, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.