Hannun da Aka Keɓe wa Ubangiji

Yawancinmu Kirista, da an ambaci keɓewa sai tunaninmu ya tafi kan fasto ranar da aka ɗora masa hannu, ko sabuwar majami'a da aka buɗe da addu'a. Shekarun da na yi ina aikin lissafi a ofis ne suka sa na fahimci cewa maganar ta shafe ni kai tsaye, kuma ta fi shafata ranar Litinin fiye da ranar Lahadi.

A Littafin Firistoci sura 8, da Musa ya keɓe Haruna da 'ya'yansa, ya yanka rago, ya ɗebi jininsa ya shafa a leɓatun kunnen Haruna na dama, da babban yatsan hannunsa na dama, da babban yatsan ƙafarsa ta dama. Sa'an nan suka zauna kwana bakwai a ƙofar alfarwa ba fita. Daga ranar, kunnen nan da hannun nan da ƙafar nan sun zama na wani. Manzo Bitrus kuwa a wasiƙarsa ta fari (2:9) ya kira dukan masu bi firistoci, don haka ba mai cewa wannan na Haruna ne kaɗai.

Hannun ne ya fi tsaya mini a rai, domin da shi nake ci. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san yadda jarraba take zuwa. Ba ta zuwa da hayaniya. Abokin aiki ne zai shigo dab da tashi, ya ajiye maka rasit a kan tebur, gurbin kuɗin babu kome a rubuce, ya ce, "Ɗan'uwa, sa hannu kawai, gobe zan cike." Yana murmushi, kun saba, wataƙila ma tare kuke sujada. A wannan lokacin tambayar ba ta wuce ɗaya ba: hannun nan na wane ne? In na Ubangiji ne, to ba ni da ikon ara wa kowa shi, kamar yadda Belshazzar, sarkin Babila, ba shi da ikon shan ruwan inabi da kwanonin Haikalin Urushalima. Daniyel sura 5 ta nuna yadda daren ya ƙare masa. Sai in mayar wa abokin aikin da takardar cikin ladabi in ce ya cike tukuna. Fuska takan ɗaure, gaisuwa takan ragu na ɗan lokaci, amma hakan ya fi mini sauƙi da in ɗaga hannun nan a sujada ina sane da abin da ya sa wa hannu.

Kunne ma yana da nasa. Gulma a wurin aiki tana rayuwa ne da masu saurare, kuma na lura in mutum ya ƙi ba ta kunne, ba ya daɗewa ake daina kawo masa. Ƙafa kuwa, zuwa aiki a kan lokaci ko da shugaba ya yi tafiya ya isa misali.

Wani abin da ban taɓa jin an yi wa'azi a kansa ba shi ne toka. Firistoci sura 6 ta ce firist zai sa tufafinsa na lilin ya kwashe tokar bagade, ya sāke tufafi ya kai ta bayan zango, ya kuma ƙara itace kowace safiya don kada wutar ta mutu. Aiki ne mai maimaituwa, ba mai yaba maka, amma Allah ya lissafta shi cikin hidima mai tsarki. Haka nake kallon daidaita lissafin ƙarshen wata, inda za ka bi layi bayan layi kana neman ƙaramin bambancin da ba wanda zai lura da shi in ka rufe ido. Bulus ya gaya wa Kolosiyawa (3:23) su yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji suke yi, kuma bayi ne yake wa magana a wurin, mutanen da ko kuɗin aikinsu ba su da tabbacin samu.

Abin da nake so matasa masu shiga aiki su sani tun da wuri shi ne, keɓewa ba ta yi alkawarin ƙarin girma ba. Maƙiyan Daniyel sun bincika aikinsa sarai, ba su sami ha'inci ko sakaci ba, duk da haka a ramin zakoki ya kwana. Allah ya cece shi, amma ya shiga ramin tukuna. Na ga amintattun mutane da aka tsallake su wajen ƙarin girma saboda sun ƙi sa hannu a abin da bai dace ba, kuma abin yana da ciwo. Ya kamata ikilisiya ta san irin waɗannan mutane a cikinta, ta riƙa yi musu addu'a da sunansu, ta kuma tsaya tare da iyalansu in abin ya kai ga rasa aiki.